Ƙyas da Gadar Katako

In ka shigo unguwar ka tambayi mai hoto, ko wa ka tare zai nuna maka shagon Ƙyas, amma sai ya gama murmushi tukuna. Sunan daga bakinsa ya samo shi, don duk sa'ar da ya danna kyamara sai ya ce "ƙyas!" da ƙarfi, wai don mutum ya san an gama. Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin na mai aski da na kafinta. A ciki akwai labule mai zanen teku, da kujerar roba mai tsagaggen baya, da madubin da ke ƙara wa mutum hanci. Aikinsa hoton fasfo da na biki. A ganinsa duniya ce ba ta gane shi ba tukuna. A ganin unguwa kuwa mutumin kirki ne, illa dai in ya ɗauki taro hoto, sai mai rabo ne kansa ke fitowa a hoton.

Unguwar tana da ciwo guda da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wata ƙatuwar kwata ce ta raba ta da babban titi, kuma ba hanyar tsallakewa ta kusa sai gadar katako. Ta nan 'yan makaranta ke bi, ta nan ake fita da mara lafiya. Katakon ya ruɓe, ƙusoshin sun yi tsatsa. An kai kuka ofishin ayyuka har bakin mutane ya gaji. A daminar bara Kaka, tsohuwar da ke sayar da sabulu da ashana a ƙofar gidanta, ƙafarta ta zurma ta karye. Tun daga nan da sanda take tafiya. Ga shi kuma hadari ya fara haɗowa.

Wata rana aka kira Ƙyas ɗaukar hoton biki a wani babban zaure cikin gari, sai ya yi kuskuren ƙofa. Ya tarar da hotuna rataye a bango, wata mata mai hoto tana bayani. Ta ce ta zauna da 'yan wata kasuwa tsawon lokaci, ta saurare su, ta ɗauki rayuwarsu da yardarsu, har hotunan suka sa aka yi wa kasuwar rufi. Zancen zama da sauraro ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Tafin da aka yi mata shi ne ya zauna masa daram a ƙirji. Bikin da aka kira shi kuwa har aka watse ba a ga ƙeyarsa ba.

Ya dawo gida sanye da wata riga mara hannu mai aljihu ta ko'ina, ya tsaya a tsakar gida ya riƙe ƙugu.

"Maman yara, daga yau kin tashi daga matar mai hoton fasfo."

Matar tana shanya, ko juyowa ba ta yi ba. "To, sakina za ka yi?"

"Kin zama matar Idon Talaka."

"Idon talaka ai kullum cikin hawaye yake. Allah ya sa ba ciwon ido ka kwaso mana ba. Wannan rigar fa, hannayenta sai an biyo ka da su?"

Bai kula ta ba. Manyan mutane, in ji shi a ransa, daga gida ake fara raina su.

Da safe ya hau kan bencin mai aski ya yi shela. Ya ce zai ɗauki wahalar unguwar nan yadda take, ba kwaskwarima: ƙafar Kaka, da bolar bayan layi, da gadar da ta ruɓe. Zai rataye hotunan a bakin kwata, ya gayyato Daraktan ayyuka da kansa, ya sa shi kuka a gaban jama'a.

"Hoto ɗaya nawa ya fi zuwanku ofis sau dubu," in ji shi. "Duniya gaba ɗaya za ta ga halin da kuke ciki!"

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. "Duniya gaba ɗaya? Har da surukaina?"

"Har da su."

"Har da masu neman auren ƙanwata?" in ji kafinta daga ƙofar shagonsa.

"Kowa da kowa!"

Aka shiga kallon juna. Ƙyas ya ɗauka kwarjininsa ne ya cika wurin. Bai san kowa lissafin rufin asirinsa yake yi ba.

Da Kaka ya fara. Ya ce ta fito bakin gada da sandarta yadda take, kada ta sake komai. Ta ce to, ɗan nan, bari ta ɗauko mayafi. Ya tsaya a rana yana gwada tsugunno iri-iri, inuwa ta matsa daga wannan bango ta koma wancan. Can sai ga ƙamshin turare ya riga ta fitowa. Ta sha sabon zane mai walƙiya, da 'yan kunne har kafaɗa, ido ya sha kwalli, ga jaka a hammata. Sanda kuwa babu ita babu dalilinta. Bango take dafawa.

"Kaka! Ina sandar?"

"Wace sanda? So kake a ce na tsufa?"

"Ai wahalarki nake so in nuna."

"Wahalar wa? Ni da Allah ya rufa wa asiri? Ka nuna ta uwarka, ita ma ai ƙawata ce, na san inda take mata ciwo."

"To ki ɗan ɓata rai. Ki tuna ranar da kika faɗa."

"In na ɓata rai tamoji ke fitowa. Ɗauka haka."

Ya ce to ta tuna marigayi mijinta. Kaka ta dubi sama, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce ta tuna ranar da tunkiya ta bi shi ya haye katanga ba wando. Ƙyas ya danna don haushi. "Ƙyas!" Hoto ya fito, tsohuwa kamar an yi mata albishir da kujerar mulki.

Ya ce ba komai, bola ba ta iya kwalliya. Washegari ya rataya kyamara ya nufi bayan layi, inda juji ya yi shekaru yana girma har awaki na hawa su hango gari. Yana shan kwana ya ja burki. Fili fetal. An kwashe, an share, har an yayyafa ruwa. Wata mata ma ta jera tukwanen fure a jikin bango.

"Ina bolata?" ya daka tsawa.

Matan layin suka leƙo. Matarsa ce a gaba, tsintsiya a hannu.

"Har da ke, maman yara?"

"Ni ce ma na tara su. Tsohuwar katifarmu ce a saman jujin, wadda autanka ya yi wa taswira. So kake duniya ta karanta?"

Da wani ne, da ya ja da baya daga nan. Ƙyas kuwa ya ce gaskiya ba ta ɓuya, in an kore ta sai a je a ɗauko ta. Ya ari baro wurin kafinta, ya tsallaka unguwar maƙwabta, ya roƙi aron shara. Mutanen can suka dube shi suka dubi juna, suka ce ya ɗiba har da riba, ba sai ya dawo da ita ba. Ya turo baro yana haki, ya juye a filin da aka share, ya durƙusa yana jera gwangwanaye da ledoji don haske ya faɗa musu daidai. Yana gyara zaman wani mataccen takalmi sai ya ga wasu takalman masu rai sun tsaya a gabansa. Ya ɗaga kai. Duba-gari ne, mai aski na tsaye a bayansa yana danne dariya.

"Malam, me kake yi?"

"Fasaha ce, ranka ya daɗe. Adalci nake nema wa jama'a."

"Da shara?"

"Ai ba tawa ba ce, aro na yi."

"To mai aro shi ke mayarwa."

Haka Idon Talaka ya kwashe sharar da hannunsa, ya mayar wa masu ita suna cewa ai da ka bar shi, kyauta ce. Duba-gari bai sallame shi ba sai da ya share layin daga farko har ƙarshe, mata na zaune a ƙofar gidajensu suna nuna masa inda ya tsallake. Unguwa ta ƙara kyau.

Saura gada. Ita kam, ya ce wa kansa, ko aljani bai isa ya ɓoye ruɓarta ba. Amma tun daga nesa ya ji warin fenti. Ya tarar da kafinta tsugune, ya toshe ramukan da garin katako da gam, ya buga 'yan ƙusoshi, yana shafa shuɗin fenti mai ɗaukar ido.

"Kai, kafinta! Ka kashe ni! Shaidata kake shafewa!"

"Shaidarka ko mutuncina? A ce ga kafinta a unguwa, ga gada kamar haƙoran tsoho? Wa zai ƙara kawo mini aikin gado?"

"To ka gyara ta ne?"

"Ina na ga katakon gyara? Ciki dai yana nan yadda ka san shi. Fuska na wanke mata."

Ƙyas ya yi tsalle zai ƙwace buroshi, ƙafarsa ta shiga gwangwanin fenti. Ranar nan da takalmi ɗaya shuɗi ya koma gida, ya bar sawu tun daga bakin kwata har ƙofar ɗaki. Matarsa ta bi sawun da kallo ta ce ko ba komai yanzu in ya ɓata an san inda za a nemo shi.

Duk da haka bai fasa gayyata ba. Ya yi ta sintiri a ofishin ayyuka, yana tare Darakta a matakala, yana tare shi a bakin mota, har bawan Allah ya ga zuwan ya fi masa sauƙi a kan ƙin zuwa.

Ranar baje hotuna, Ƙyas ya kwance igiyar shanyar matarsa, ya ɗaure ta daga turken wuta zuwa tagar mai aski, ya maƙale hotuna da maƙalan kaya. Unguwa ta fito kwanta da kwarkwata, kowa cikin kayan fita kunya. Aka fara bin igiya ana neman kai.

"Wannan cikin nawa ne, na gane maɓallin," in ji mai aski. "Ina ka kai kaina?"

"Salon aiki ne. Ciki shi ne matsalar talaka, ba kai ba."

"Ni kuwa kunnena kawai na gani," in ji kafinta.

"Alama ce ta cewa kana sauraron alkawarin hukuma."

Ana cikin haka mota ta tsaya a tsallaken kwata. Darakta ya fito, mutum mai jiki, cikin fararen kaya tas. Direbansa ya so ya nuna masa gada, sai Ƙyas ya ɗaga murya ya ce a zagayo da shi ta can nesa ta bayan makaranta, don yana so gadar ta zama abin ƙarshe da zai gani, kamar yadda ake ajiye nama a ƙarshen ci. Darakta ya iso yana share gumi, ya goya hannu a baya, ya fara bin igiya.

Ya ga Kaka tana ƙyalƙyala dariya cikin zane mai walƙiya. Ya ga layi fes da tukwanen fure. Ya ga gada shuɗiya tana sheƙi a rana. Fuskarsa ta yi ta washewa. Ƙyas yana biye da shi yana leƙen idonsa, yana jiran hawaye.

"Madalla!" in ji Darakta. "Wallahi kun burge ni. Kullum ana zuwa mini da kuka a kan unguwar nan, ashe sharri ake muku. Ga tsofaffi cikin walwala, ga tsafta, ga gada sabuwa dal. Dama mun sa ku a aikin bana, amma tunda kun tsaya da ƙafarku, sai mu kai simintin inda ake bukata. Malam mai hoto, ka taimaki hukuma ƙwarai."

Sai idanu suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, duk suka sauka a kan riga mai aljihu.

"Dama muna cikin aikin bana?" in ji mai aski a hankali.

"Garin neman gira," in ji Kaka, ba ta ƙarasa ba, ta tura jikarta ta ɗauko mata sanda, kuma kowa ya ga ba don tafiya take nemanta ba.

Gumi ya karyo wa Ƙyas. A karo na farko abin ya daina zama zancen tafi. Ya hango 'ya'yansa biyu a cikin taro, su ma ta gadar nan suke bi kowace safiya, ga gabas ta yi baƙi. Ya yi wuf ya sha gaban Darakta.

"Ranka ya daɗe, hoton ƙarya ne!"

"Ba kai ka ɗauka ba?"

"Ni na ɗauka, amma unguwar ce ta motsa! Wannan gadar fenti ne kawai. Kafinta, faɗa masa!"

Kafinta ya hango masu neman auren ƙanwarsa a bayan taro, ya sosa ƙeya. "To, ni dai aikina ba ya faɗuwa."

"Haka ka ce? To kowa ya buɗe ido!"

Ƙyas ya taka har tsakiyar gada. Ya ɗaga ƙafa ya buga. Shiru. Ya sake bugawa. Gada ko gezau. Ya tattare wando ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu, ya sake, ya sake, aljihunan rigarsa na kaɗawa, kyamara na dukan ƙirjinsa. Gadar da ta karya ƙafar tsohuwa mara nauyi, yau ta rantse ba za ta ba shi gaskiya ba. Mutane suka manta da fushi suka fara dariya. Yara suka kama tafi suna ba shi kiɗa.

"Baban yara, sauko haka nan," in ji matarsa. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Ba zan sauko ba sai ta karye!"

Darakta ya yi dariya har da share hawaye, wanda shi ne kaɗai hawayen da Ƙyas ya samu daga gare shi. "Kai, wannan mutum akwai barkwanci. Ka gwada mana ƙarfinta a gaban kowa. Kawo hannu mu gaisa."

Ya tako kan gada da fara'arsa, hannu a miƙe. Kafinta ya buɗe baki, ya rufe. Kaka ta ce "ɗan nan," ba a ji ta ba. Taku na farko gada ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Hannunsu na haɗuwa sai ji aka yi ruguzum!

Kwatar ba ta da zurfin kisa, amma abin da ke cikinta ya daɗe yana jiran baƙo. Darakta ya zauna daɓas, baƙin ruwa har ƙirji, wata leda ta sami masauki a kafaɗarsa. Ƙyas ya faɗa a kan cinyarsa, har yanzu hannunsu na riƙe da juna. Da ɗaya hannun ya ɗaga kyamara sama, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

"Kada kowa ya motsa!" ya yi ihu. "Ranka ya daɗe, riƙe fuskar nan haka! Ita nake nema tun farko!"

Ya juya kyamara ya danna. "Ƙyas!" Bakinsa ne kawai ya yi ƙara. Batir ya mutu tun wajen tsalle-tsalle.

A saman kwata kuwa duk mai waya ya zaro ta. Mai aski ya ɗauka, matan layi suka ɗauka, direban Darakta ma ya waiga hagu da dama ya ɗauka. Sai da kowa ya ƙoshi sannan aka tuna da ceto. Aka kwance igiyar shanya da hotunan a jikinta aka jefa musu. Ƙyas ya ce a fara karɓar kyamara. Darakta kuwa ya damtse bakinsa, don ya gane buɗe baki a wurin nan ba alheri ba ne.

Da aka jawo shi, Kaka ta matso da sandarta, ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa sabulu guda daga jakarta.

"Sannu, ɗan nan. Ƙafar ba ta karye ba ko? To ka fi ni sa'a. Ni da na faɗa ba wanda ya ɗauke ni hoto."

Kafin Darakta ya gama wanka a gidan mai aski, hoton ya zaga gari. Kafin ruwan farko ya sauka, motocin yashi da siminti sun cika bakin kwata. Aka yi gada mai faɗi da makari a gefe, har mota na bi.

Ƙyas ya yi kwanaki yana warin da turare ya kasa, amma bakinsa bai mutu ba. Ya koma kan bencin mai aski yana bayani cewa duk shiri ne, tun daga baro har tsalle, wata sabuwar fasaha ce da mai hoto ke shiga cikin hoton da kansa. Ba wanda ya yi masa musu, don unguwa ta gano amfaninsa.

Da famfon layi ya ƙafe, mai aski da kafinta suka je ofishin ruwa suka gaida shugaban wurin cikin ladabi. Suka ce ba kuka suka kawo ba, gayyata ce: mai hoton unguwarsu yana shirya baje hotuna, kuma yana so ranka ya daɗe ya zo da kansa. Shugaban ya tambaya, wane mai hoto? Suka faɗa. Ya dubi fararen kayan da ke jikinsa. Washegari da hantsi famfo na zuba.

Labari ya iske Ƙyas yana karyawa. Ya ajiye kofin shayi, ya bugi ƙirji.

"Kin gani ko, maman yara? Wannan karon ko murfin kyamara ban buɗe ba!"

Ta ƙara masa shayi, ta tura masa burodi gabansa.

"Shi ya sa aikin ya yi kyau, baban yara. Ka riƙe wannan salon."